Jan Tabo a Farar Singileti

Makarar da aka ɗauki surukina a cikinta ko ƙis ba ta yi ba, tun daga ƙofar gida har maƙabarta. Ta ƙarfe ce, ta masallacin layinsu a Tudun Wada, ta kuma daɗe tana aiki, amma babu ɗigon tsatsa a jikinta. Wani tela da ke tafe kusa da ni yana share hawaye da hula ya ce, "Ka ga ikon Allah. Shi ya shafa mata fenti kafin saukar ruwan bana. Na ce masa, Baba, ka bar wa matasa mana. Ya ce in ƙyale shi, motarsa yake gyarawa." Muka yi dariya a bayan gawa, kunya ta kama mu, muka koma salati. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, wannan karon Baba ne ya riga mu.

Kwana ukun da aka yi ana zaman makoki, duk wanda ya shafa addu'a sai ya ɗauko zancen ƙarfe. Wani ɗan acaɓa ya ce Baba ya taɓa tsayar da shi a tsakiyar titi, ya ɗauka fasinja ya samu, ashe kukan sarƙar babur ɗinsa ne ya hana tsohon sakat, ya ɗiga mata mai ya ce ya tafi. A cikin gida mata na lissafa kekunan ɗinkin da ya tasar bayan sun shekara a kwance. Rana ta biyu wani tsohon sufeto ya zo daga Wusasa, Kirista ne, abokin aikin Baba tun suna samari. Ya dogara sandarsa ya zauna, sannan ya ce, "In ka mayar masa da bindiga, mutumin nan ba ya kallon fuskarka. Farin tsumma zai goga mata ya duba. Tsumman ne zai gaya masa ko kai mutumin kirki ne." Ya faɗi haka muryarsa ta karye, aka miƙo masa ruwa.

Ni ina can ƙarshen tabarma, inda suruki ke zama, ina karɓar gaisuwa. Kowa ya zo sai ya ce mini, "Sai haƙuri, ka yi rashin uba." Ina amsawa, amma kalmar tana suka ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na tsaya a kan wannan dattijo, da takalmi a ƙafata, na gaya masa maganar da ba a gaya wa sa'a balle suruki. Ban taɓa neman gafararsa ba, ga shi an rufe shi. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, don a san wane ne shi, a kuma san abin da na yi.

Baba ya yi aikin ɗan sanda har ya yi ritaya, amma yakan ce shi ko ɓarawon kaza bai taɓa kamawa ba. Amora ne, wato mai kula da ɗakin makamai, shi ke ba da bindiga shi ke karɓa. Gajere ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Aljihunsa na hagu ba ya rabo da farin tsumma, na dama kuma da ɗan gwangwanin mai mai dogon baki, shi ya sa unguwa ke ce masa Baba Mai Tsumma. In ka miƙa masa makulli sai ya goge shi kafin ya buɗe ƙofa, ya sake gogewa kafin ya mayar maka. Inna, wato matarsa, takan ce a gidanta ko cokali bai isa ya kwana da ruwa a jiki ba. Diga da shebur na haƙar kabari a wurinsa ake ajiyewa, domin duk unguwar an san in an kai wa wani, ranar da aka tashi nema za a tarar sun zama jan gari.

Yana da maganganunsa, kuma ba ya canza musu ko wasali. "Tsatsa ba ta sallama." "Mai kaɗan, tsumma da yawa." Wadda ya fi so ita ce, "Ruwan sama baƙo ne, ya zo ya wuce. Gumi shi ne ɗan gida." Wannan ta ƙarshe saboda irinmu ya ƙirƙire ta, mu 'yan sandan farin kaya masu yawo da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga. Shi libarba yake ce wa duk wata ƙaramar bindiga, kowace iri ce. A cewarsa doguwar bindiga 'yar gata ce, kullum ana mayar da ita ɗaki, ido na kanta. Libarba kuwa tana manne da fatar mutum tun safe har dare, a zafin bazarar Zariya, tana shan gishirin jikinsa. Ya yi alwala sau biyar, ya kai jiƙaƙƙen hannu ya gyara mata zama sau biyar. Tunda ba a ganinta, ba mai cewa ta lalace, har shi mai ita.

Na auri 'yarsa ta fari ina saje, muka tare a Hanwa. Kunya ta zama biyu ke nan, ta 'yar fari da ta surukuta. Bai taɓa kama sunanta ba balle nawa, ni "mutumin Hanwa" ne. In na je gaisuwa nakan tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, kaina a ƙasa. Ina wuni, lafiya lau, ya aiki, da godiya, ya mutanen gida, lafiya lau. Hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

A lokacin ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Matashi, an zaɓe ni cikin farin kaya, ina hawa babur riga na kaɗawa, na san abin da ke ƙuguna ba kowa ake ba wa ba. Ranar da aka ba ni bindigar, mahaifiyata ta sa wani baduku ya ɗinka mini kube na jar fata, mai kyau kamar a ajiye a yi ta kallo, aka ɗinke laya a cikin bangonsa. Ta miƙa mini ta ce, "Kada ka raba su." Ni kuwa na bi maganar uwa har na wuce inda ta nufa. Da safe in ɗaura, da dare in jefa akwati, bindiga na cikin kube ko sau ɗaya ban zare ta ta sha iska ba. Damina ta zo na ƙara wayo, na riƙa naɗe su a baƙar leda don kada ruwa ya taɓa. Akan kira duba makamai, amma ni kullum da hanzarina, yau ina bin sawu, gobe ina kotu. Gindinta da ke leƙowa nakan shafa wa mai ya yi ta ƙyalli, sai in ce ai ga shi nan lafiya lau.

Matata ce ta fara gani, ba ta kuma san me ta gani ba. Wani jan tabo ya riƙa fitowa a singiletina, ta wanke ya ƙi, ta sa bula ya ƙi. Da abin ya ishe ta sai ta kwashi guda bakwai ta kai wa Inna ta nuna mata dabara. Inna ta matsa musu lemon tsami da gishiri ta shanya a igiyar tsakar gida. Baba ya dawo daga sallar azahar, ya zo zai wuce, ya ja ya tsaya. Matata tana ɗaki tana jin su, ita ta ba ni labari daga baya.

"Na wane ne waɗannan?" in ji Baba.

Inna ta ce, "Na mutumin Hanwa ne. Ƙusa ce ta kama shi, ko wata kujerar ƙarfe a ofis."

Ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya shinshina, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Gefen dama, bayan ƙugu, faɗin yatsa uku. Ƙusa ba ta kama mutum wuri ɗaya sau bakwai."

Da ɗansa ne, kira ɗaya ya isa. Amma suruki ba ya kiran suruki ya ce ɗaga rigarka in gani. Sai ya bi hanyar da al'ada ta bar masa, ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa 'yarta, 'yarta ta gaya mini. Saƙon farko ba magana a ciki, ɗan gwangwanin mai ne da sabon farin tsumma a ninke. Na gane hannunka mai sanda ne, na yi dariya na ce wa matata ta sa wa kekenta na ɗinki. Saƙo na biyu ya zo da kalmomi: a riƙa zare ta daga kube kowace yamma, a goge ta ciki da waje, a bar kuben ya bushe a inuwa, leda kuma a bar wa masu sayar da tumatir. Na ce, "Ki ce na gode. Amma bindigogin zamaninsu ne ke tsatsa, na yanzu da baƙin shafinsu suke zuwa." Ban sani ba ko ta kai amsar yadda na faɗa. Karo na uku na je gaisuwar Juma'a, muka gama lafiya lau ɗinmu, na yunƙura zan tashi, sai ya dubi bango ya ce, "Gumi ɗan gida ne." Na ce, "Haka ne, Baba," na fita na yi kunnen uwar shegu.

Ranar wata Litinin da safe, amoran ofishinmu, wanda a hannun Baba ya koyi aiki, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur. Oga na tsaye a gefe. Aka ce duk ɗan farin kaya ya ajiye abin da ke ƙugunsa, yau ba kotu ba bin sawu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na kwance kube na ajiye, amora ya kama gindin bindiga ya ja, ta ƙi fitowa. Ya sa ƙarfi, ta fito da ɓawon fata manne a jikinta. Gefen da ke kallon jikina ya yi ja wur kamar gindin tsohon bokiti. Ya ja samanta baya ta ƙi motsi, sai da ya buga da katako. Harsasan sun yi kore, sifirin da ke tura su ya karye biyu a tafin hannunsa. Ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Saje, wata nawa kana bin 'yan fashi da wannan? Da guduma ka soke a ƙugu da ta fi yi maka amfani." Wani daga baya ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta. Aka fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ni kaɗai aka samu da laifi ba, amma tawa ce ta fi muni. Aka cire mini igiya ɗaya, aka mayar da ni inifam, aka ajiye ni a kanta ina rubuta rahoton ɓatan awaki. Da zan fita daga ɗakin, amora ya ja ni gefe ya ce, "Ka gode wa Allah da ya ba ka suruki." Ashe ranar Juma'ar da ta wuce Baba ya zo a kan kekensa, ya zauna, bai kama sunan kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi wa tsohon ɗalibinsa: "Yaushe rabonka da shimfiɗa farin ƙyalle?" Ya sha ruwa ya hau kekensa ya koma.

Ban tsaya godiya ba. Bayan la'asar na hau babur sai Tudun Wada. Na tarar da shi a zaure da dattawa biyu, yana kankare bakin diga. Na shiga da takalmina, na tsaya a kansa ƙerere. Dattawan suka dubi ƙafata, suka dubi juna.

Na ce, "Baba, da ni ɗanka ne da ba ka tona mini asiri a bainar jama'a ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da kai ɗana ne, da tun tabon farko ka sha mari. Don kai suruki ne na bi ta ofis."

"An cire mini igiya."

"Igiya tana dawowa. Na gwammace yarinyar nan ta zauna da kofur da ta zauna takaba."

Da mai hankali ne ni, da nan na durƙusa. Amma zuciya ta riga ta hau, sai na ji bakina yana cewa, "Matsalar tsohon da aka sallama ke nan. Ba shi da aikin yi, sai leƙen wankin mutane."

Hannunsa ya tsaya a kan digar. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Subhanallahi." Baba ya zaro tsummansa, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ninke ya mayar aljihu. Ya ce, "A gaida mutanen gida." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, na juya na fita. Wallahi ko yanzu da nake rubuta wannan, ina jin nauyin takalmin nan a ƙafata.

Wata uku ban taka layinsu ba. Matata ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cikin sati na biyu ta dawo daga gida ta ajiye mini wani ɗan ƙunshi a kan gado. Na buɗe na ga layar mahaifiyata, an ɗinke ta a sabuwar fata da zare na ratayawa a wuya. Ashe Baba ya karɓo ruɓaɓɓen kuben daga wurin amora, ya kai wa baduku, ya tsaya a kansa har aka fitar da layar ba tare da an buɗe ta ba. Saƙon da ya biyo ta gajere ne: "Addu'ar uwa ba ta tsatsa, ƙarfe ne ke yi. A rataya wannan a wuya, a bar waccan ta sha iska." Mutumin da na zaga ke nan. Na rataya layar, kuma duk da haka ban je ba.

Sai da Sallah ta zo aka tafi gaisuwa da yara, na shiga cikin ayari. Na tuɓe takalmi, na durƙusa. Ina wuni, lafiya lau, ya aiki, da godiya. Ya amsa kamar jiya muka rabu. Na fito ina murna wai abu ya wuce. Kunyar surukuta abu ce mai kyau, amma ga mai girman kai babu mafakar da ta fi ta. Duk lokacin da zuciyata ta ce ka ba shi haƙuri, sai in ce ai bai dace suruki ya tayar da irin wannan zance ba. Haka na yi ta yi wa kaina, shekara na bin shekara.

Aikin dai na gyara, wannan kam ba na jin kunyar faɗa. Da aka mayar da ni farin kaya aka ba ni wata bindigar, ban sake kwana da ita a kube ba. Kowace yamma kafin magariba nakan cire harsashi, in warware ta a kan farin ƙyalle, in goge gumi da zaren riga da ke taruwa a lungunanta, in ɗiga mai kaɗan in bi da tsumma har sai yatsa bai ga maiƙo ba. Kube biyu nake da su, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa. Igiyata ta dawo kamar yadda ya faɗa, har ta haifi wasu, yau ni sufeto ne. Duk sabon da aka kawo farin kaya sai ya ji daga bakina cewa gumi ɗan gida ne, kuma suna ɗauka maganata ce, ni ma ban cika gyara musu ba. Har yau Allah bai sa na harbi kowa ba, ina kuma roƙon in yi ritaya a haka. Amma na san in ranar ta zo, abin da ke ƙuguna zai amsa.

Abu ɗaya ne ya dame ni a gida duk tsawon shekarun nan, shi ne ɓatan singileti. In tuɓe ta da yamma in jefa kwandon wanki, washegari babu ita. Bayan kwana biyu sai ga ta a wanke a cikin kaya. Na zargi yara, na zargi iska, har na ce ko aljanun Hanwa singileti suke sawa. Matata takan ce, "Kai dai ba ka iya neman abu ba ne." Mai bin sawun ɓarayi guda, na kasa gano ɓarawon cikin ɗakina.

Ciwon Baba bai ja ba, kwana tara ne. Na je asibiti da niyyata a cike, na shirya kalmomin tun a kan hanya. Na tarar da ɗakin cike da 'yan dubiya. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Sannu, Baba. Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi. Ya aiki?" Na ce da godiya. Na dubi mutane na ce a raina gobe zan dawo da sassafe kafin a taru. Goben aka tura ni aiki wajen gari, jibi da hantsi aka kira ni a waya.

Ranar bakwai, bayan baƙi sun ragu, matata ta leƙo ta ce Inna na kirana. Ban taɓa wuce tsakar gidan nan ba sai ranar. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki a kan tabarma da carbi, labule a tsakaninmu. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya. Sannan na ga in ban faɗa yau ba, to ba ranar faɗa.

Na ce, "Inna, akwai maganar da na gaya wa Baba shekarun baya, a zauren nan. Ban nemi gafararsa ba har Allah ya karɓi abinsa. Ban san inda zan kai ta ba."

Sai ta ce wa 'yarta, "Ɗauko masa."

Matata ta shiga ta fito da wani abu fari a ninke, ta ajiye a gabana. Singiletita ce, wadda na nema na rasa sati biyu da suka wuce.

Inna ta ce, "Duk farkon wata sai ta kawo masa guda, wadda ka tuɓe ba a wanke ba. Shi ya sa ta, ya kuma ce kada ka sani. Sai ya fita tsakar gida ya ɗaga ta a rana, ya duba gefen dama, ya shinshina, ya miƙo mini ya ce a wanke. Wannan ce ta ƙarshe, a gadon asibiti ya duba ta, ya sa aka buɗe masa taga."

Na ɗauki rigar na riƙe. Ta ci gaba.

"Wadda aka fara kawowa bayan an mayar maka da bindiga, na tuna ta sarai. Ya daɗe yana juya ta, babu tabo ko ɗigo. Sai ya ce mini, to, mutumin Hanwa ya ba ni haƙuri. Na ce, yaushe ya zo ban gan shi ba? Ya ce, ga shi nan a rubuce."

Na kifa kaina a kan rigar na yi kuka, irin wanda ban yi a maƙabarta ba. Ba wanda ya hana ni. Da na lafa, hannun Inna ya fito ta ƙarƙashin labule da gwangwanin man Baba da tsummansa. Ta ce, "Ya ce a ba ka. Ya ce wannan karon ban da keken ɗinki."

Allah Ya jiƙan Baba Mai Tsumma. Yadda ya yi ta kankare ƙarfen mutane ba don a gode masa ba, Allah Ya kankare masa kurakuransa, Ya sa kabarinsa ya zama wurin hutu, Ya ba Inna da 'ya'yansa da mu da muka raɓe shi haƙurin rashinsa. Diga da shebur sun koma hannuna, na kuma gaya wa liman fentin makara na baɗi ni zan yi shi.

Da na fito daga wurin Inna ban wuce kai tsaye ba. Zauren ba kowa, buzunsa na nan a shimfiɗe inda yake zama. Na koma bakin ƙofa na tuɓe takalmina, na shigo na durƙusa a daidai inda na taɓa tsayawa, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini."

Ban san matata ta biyo ni ba sai da na ji muryarta a bayana.

"Tashi mu je gida," in ji ta. "Ai ya riga ka."